Shekarun da Muka Rage Ni da Inna

A cikin garin Ikara aka haife ni. Babana ƙaramin ma'aikaci ne, gonarmu kuwa ta Asabar da Lahadi ce, ko ta yi ko ba ta yi ba za a ɗora tukunya. Sai da aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Ɗandamisa na ga gidan da ba shi da wani albashi sai abin da ƙasa ta bayar.

Gidan babba ne, ginin ƙasa, kowa da sashensa. Mahaifin maigidana ya rasu tun kafin in zo, don haka shi ne babba, sai ƙannensa biyu da matansu da 'ya'yansu, sai uwarsu. Inna kowa yake ce mata, ni ma na bi sahu. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, ba ta iya zama haka nan. In ba ta tsintar wake, to tana ɓare gyaɗa. Da yake maigidana ne ɗanta na fari, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wancan” take cewa, in kuma da ni take magana ta ce “mutumin naki.”

Gonaki biyu ne suka riƙe gidan: ta tudu, inda ake masara da dawa, da fadama, inda ake rake. Daminata ta farko aka kira gayya a gonar tudu. Tun da safe muka hura wuta, aka fito da wata ƙatuwar tukunya daga ɗakin Inna, mu uku muna tuƙa tuwo muna karɓeɓeniyar muciya, hayaƙi na sa mu hawaye muna ta dariya. Da aka tashi daga noma samari suka cika ƙofar gida, ana ci ana gardamar wanda ya riga fitar da kunyarsa. Ni dai na gaji har ban iya ɗaga hannu ba. Ban sake ganin gayya a gidan nan ba.

Ba rana ɗaya gidan ya watse ba. Autan ne ya fara tafiya, Legas, acaɓa. Na tsakiya ya bi bayansa da shekara, shi Kano ya nufa, ya samu dako a kasuwar hatsi, daga baya ya zo ya kwashi iyalinsa. Matar autan ta gaji da jira ta koma gidan iyayenta da yaranta. Ba wanda ya tafi don ya ƙi noma. Ƙasar ce ta saba da takin zamani, in ba a ba ta ba, sai masara ta tsaya iya gwiwa ta yi ja. Iri ma sai an saya kowace shekara. Da kaka kowa ya kai nasa kasuwar Makarfi a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, manyan motoci su kwashe. Lokacin da hatsi zai yi daraja kuwa yana cikin siton mutanen birni, mu kuma mun koma awo a kwano.

Maigidana shi cirani yake yi. In an gama girbi ya tafi Abuja ya tura baron rake, gab da damina ya dawo. Haka muka saba. Wata shekara, lokacin da maƙwabta suka fara sharar gona, sai ya kira ni. A gidan duka wuri ɗaya ne waya ke kamawa, jikin katanga kusa da rumbu, can na tsaya. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi awaki, ya sake tambayar Inna. Na san akwai magana.

“Kin ji, bana ba zan samu zuwa ba.”

“Malam, gonar fa?”

“Na samu wuri mai kyau a bakin wata tasha. In na ɗaga, kafin in kai Zariya wani ya kafa baronsa. Kuma abin da zan samu a nan shi zai sayi takin. In na zo da hannuna kaɗai, me zan zuba wa masarar?”

Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Ya ce in kira masa Inna. Ba ta son waya, nesa da kunne take riƙe ta kamar za ta ƙone ta. Ta saurara, ta saurara, sannan ta ce, “To. A dai ji tsoron Allah a inda ake.” Ta miƙo mini, ta koma kan tabarmarta. Da yamma ta ce in rage tuwo, jiya ya yi saura.

Daga nan muka rage mu biyu. Lokacin Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna, saboda haka ko kukan yaro babu. Da safe in share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata shi. In na wuce ta sassan da aka rufe, sai in ga gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ƙofa. Tuwonmu a 'yar ƙaramar tukunyar miya nake tuƙa shi, ko itace biyu ba ya ci. Inna ba mai hira ba ce, ni kuma ina jin nauyinta, sai mu wuni kowa na aikinsa, ba abin da ake ji sai kaji da rediyon wani gida can nesa. A hankali ta fara kirana in zo mu ci a kwano ɗaya, abin da ba ta taɓa yi da wata surukarta ba.

Wani maƙwabcinmu maigidan ya ba amanar gonar. Shuka dai an yi, amma da noma ya zo aka rasa hannu, don samarin ƙauyen duk sun yi inda namu suka yi, 'yan da suka rage kuma sai mai ƙarfi yake samunsu. Maƙwabcin ya ce yanzu ai ba a wahalar da kai, feshi ake yi. Mutum ɗaya ya goya injin a baya, kafin azahar ya gama abin da gayya take wuni a kai.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta ɗauko ƙwarya ta ce za ta gona tsinkar tafasa. Duk damina haka take yi, ta dawo da tafasa da lalo da gasaya da rama, mu yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, saura ta shanya saboda rani. Ba shuka su ake yi ba, da kansu suke fitowa tsakanin kunyoyi, masu noma kuma sun san su, suna kewaye su da fartanya. Ƙafarta ta fara ciwo a lokacin, sai na ce zan raka ta. Maigidan ya riga ya ce in dai tare da Inna ne babu laifi.

Muka isa muka tarar da masara kore shar, ƙasanta kuwa kamar an bi da tafasasshen ruwa. Komai ya yi rawaya ya kwanta. Ko fara ɗaya ba ta tashi a gabanmu ba, ga wani wari mai kama maƙogwaro. Inna ta bi kunya ta farko har ƙarshe, ta dawo ta wata. Ta tsuguna ta ɗago wata tafasa da ta ƙanƙance, ta murje ta a tafin hannu.

“'Yar nan, ashe maganin nasu bai san miya ba?”

“Inna, duk abin da ba masara ba ciyawa ne a wurinsa.”

Ta ce mu gwada gefen gona. Nan ma maƙwabta sun fesa nasu. A jikin wata geza muka samu ɗan lalo da ya tsira rabi da rabi, ta kai hannu, na ce, “Inna, ku bar shi, don Allah. Ba mu san ko ya sha maganin ba.” Ta dube ni, ta dubi lalon, ta janye hannu. Ta ce akwai tsohon burtali can gaba inda shanun Fulani suke bi, a nan tafasa har ƙugu take kaiwa. Muka yi ta tafiya tana ɗingishi. Da muka je, burtalin ya zama gonar waken suya, an ja kunya har bakin hanya. Muka zauna a gindin wata ɗorawa ta huta, ƙwaryar na kife a cinyarta. Rannan da kuka muka yi miya, a tsakiyar damina.

Inna ba ta yi ƙorafi ba, ba halinta ba ne. Amma ranar kasuwa ta aika aka nemo mata irin lalo da rama, tafasa kuma ta samo 'ya'yanta a bayan maƙabarta da kaka. Ɗakin autanta rufin ya rufta a waccan daminar, ba mai gyarawa. Da ruwa ya zagayo sai ta sa na taya ta kwashe azara da tarkace, ta sassaƙe daɓen da 'yar fartanyarta, ta watsa takin awaki, ta shuka ganyenta a cikin ɗakin. Bango huɗu ya kare shi daga dabbobi. Ƙasar tsohon gini ce, sai ganyen ya yi kyau har yana leƙowa ta taga. Kullum da hantsi za ka same ta a ciki a duƙe, a daidai inda gadon ɗanta yake a da. Wata rana na ji tana magana a ciki, na zaci baƙuwa muka yi, na leƙa na ga ita kaɗai ce. Na koma da baya ban bari ta gan ni ba.

Raken fadama kuwa, tunda ba mai sara ba mai kaiwa kasuwa, sai maigidan ya sayar wa wani dillali a tsaye, ta waya suka gama magana. Da rani ya shigo dillalin ya zo da mota da mutanensa. Baƙi ne duka, daga can yamma, Hausarsu ma daban, ƙauyukansu ne suka tashi saboda rashin zaman lafiya. Inna ta ga wucewarsu ta ƙofar gida, ta shigo ta ce in ɗora ruwan tuwo.

“Inna, ai ba mu muka ɗauko su ba. Dillalin ne zai ciyar da su.”

“A gonar wa suke?”

“A tamu.”

“To ɗora ruwa.”

Muka fito da babbar tukunyar, sai da na kankare ta da toka saboda daɗewa. Ni kaɗai na tuƙa, kafaɗata ta kwana biyu tana ciwo. Da azahar suka zo zaure suka ci. Ina daga ciki ina jin su, ba hira ba dariya, sai ƙarar kwano. Akwai wani dattijo a cikinsu, ya yi sallama ya ce yana so ya gode wa mai gidan. Inna ta fita ta tsaya daga bakin ƙofa, suka gaisa doguwar gaisuwa.

“Iya, Allah ya saka da alheri. Rabon da in ci tuwon gida tun ina gidana.”

“Malam, kai ma manomi ne?”

“Ni ne kuwa. Gonata ta fi wannan fadamar taku faɗi. Yanzu ban san abin da ya fito a cikinta ba. Masu wannan fa, ina suke?”

“Suna birni.”

“Allah ya dawo da kowa gidansa.”

“Amin,” in ji Inna. Ta daɗe a tsaye bayan ya tafi.

Da na ba maigidan labari a waya sai ya yi wata 'yar dariya. Ya ce inda yake sarin rake motocin Makarfi ne suke saukewa, wataƙila ma namu zai saya, bayan ya bi ta hannun mutum uku kowa ya ɗora nasa.

Yana zuwa da Sallah, ya yi 'yan kwanaki ya koma. Ƙannensa kuwa wata Sallar su zo, wata su kira. Haka muka yi wasu shekaru. Ƙafar Inna ta ƙara nauyi har ta daina fita, sai ta zauna a ƙofar ɗakin ganyen tana nuna mini wanda zan tsinka. A cikin wata damina zazzaɓi ya kama ta. Maƙwabcin nan ya kai mu asibiti a Makarfi a kan babur, ina riƙe da ita ta baya, aka ba ta magani muka dawo. Ta ɗan warware, har ta ce tana sha'awar fura. Na ce zan kira mutumin nawa ya zo. Ta ce, “Bar shi ya nemi abincinsa. Ba yau ba ne.” Na kira shi duk da haka, ya ce zai taso ƙarshen mako.

Da safiyar Alhamis na kai mata ruwan alwala na tarar numfashinta ya canja. Na tallabo kanta a cinyata ina yi mata kalmar shahada, tana motsa baki. Babu kowa a gidan da zan ƙwala wa kira. Sai da ta cika, na gyara mata kwanciya, na rufe ta da zanenta, sannan na fita da kaina na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta.

Kafin azahar an kai ta. Maigidan ya iso bayan la'asar, ƙafarsa duk taɓo, don mota ta ajiye shi a bakin titi ya ƙarasa a ƙasa. Ya wuce maƙabarta aka nuna masa wurin. Da ya shigo gida ya zagaya sassan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a ƙofar ɗakin ƙanensa yana kallon lalo da tafasa. Ya tambaye ni wa ya shuka, na gaya masa. Ya ce, “Ta ce wani abu a kaina?” Na ce ta ce a bar ka ka nemi abincinka. Ya juya mini baya ya fuskanci bango.

Bayan an share makoki 'yan'uwan suka zauna. Ba wanda zai iya dawowa, ni kuma ba za a bar ni ni kaɗai ba. Gonakin aka ba wani ɗan kasuwa na Zariya haya, mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba, an ce yaransa yake turowa da motar noma. Awakin na sayar, kajin na raba wa maƙwabta. Aka sa kwaɗo a ƙofar gida, na bi maigidana.

Ɗaki ɗaya ne a wata unguwa wajen Mararaba, cikin gidan haya mai ƙofofi a jere. A ƙauye na zaci na san kaɗaici, ashe akwai wani irinsa. Nan mutane ne ko'ina, ana jin tarin maƙwabci ta bango, ana layin banɗaki, amma kowa da harshensa, kowa kuma yana sauri. Na yi wata guda ba wadda na yi magana da ita fiye da “sannu.” Ganyen miya a ɗan ƙulli ake sayarwa, ya yi yaushi saboda tafiya. Tumatir guda huɗu a kashi, wanda a wajen Kudan na sha ganin irinsa an zubar a bakin titi saboda rashin mai saye. Komai da na sani a gona yana nan, amma sai ka miƙa kuɗi kafin ka taɓa shi.

A nan na ga aikin da ya raba shi da gida. Yana tashi ya wanke baro, ya jera rake, ya fita. Wuni yake a tsaye cikin rana yana ferewa yana yankawa, masu mota su tsaya ba su ko sauke gilashi sosai ba. Tafin hannunsa na hagu duk tabon wuƙa ne. Sau biyu masu kamen 'yan talla suna kwashe masa baro da kayan duka, ya dawo hannu biyu ya zauna a bakin katifa, washegari ya je ya yi hayar wani. Wurin nan da ya ƙi barinsa saboda kada a ƙwace, daga baya aka faɗaɗa titin aka tashe su gaba ɗaya. Yanzu yawo yake yi unguwa-unguwa.

Ni ma na kama sana'a, awara nake soyawa a ƙofar gida da yamma. Ta nan na saba da wata mata 'yar Paki da ke sayar da koko a layin bayanmu. Ranar da na ji tana yi wa mai gawayi ciniki na gane maganar gida ce, na bi ta da tambaya, muka tsaya a bakin kwata muna lissafo garuruwa kamar mun ga dangi. Ita ce ta zauna da ni da na haifi 'yata, a shekara ta biyu da zuwana. Bara mijinta ya samu gadi a wani gari, suka tashi. Tana kira wani lokaci.

Yanzu ciwon baya yana damun maigidan, in ya tura baro zuwa azahar sai ya nemi inuwa ya zauna. Kwanan baya ina shafa masa man zafi, sai na ce, “Malam, ba za mu koma ba?”

Ya ce, “Mu koma mu ci me kafin kaka? Kuma mutumin nan na Zariya ya riga ya kama gonakin har baɗi.”

“Bayan baɗin fa?”

“Katangar gabas ta faɗi, an gaya mini. Sai an yi gini.”

Na ci gaba da shafawa. Ya ce in ɗan matsa ƙasa kaɗan, nan ne ya fi ciwo. Can ya ce, “Bari dai mu ga yadda Sallah za ta zo.” Na rufe kwalbar, na je na jiƙa waken gobe.